Kafin Ka Miƙa Wa Ɗan Canji Kuɗinka

Tafiyar Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba. Mutum zai yi sallar asuba a cikin birni, ya bi ta Jibiya da Magama da Ɗan Isa, kafin azahar yana zaune a zauren 'yan'uwansa. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, auratayya kuwa ba a magana, har gobe Sarkin Maraɗi da Sarkin Katsina ake kiransa. Abin da ya raba mu shi ne abin da ke cikin aljihu: mu naira, su sefa. A wannan ɗan tsakanin ne ɗan kasuwa da ɗalibi da mai zuwa biki ko gaisuwar mutuwa suke yin asara, sau da yawa ba su ma san sun yi ba.

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sefa iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar yake bugawa. Ita ce ake kashewa a Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Akwai kuma ta Afirka ta Tsakiya, ta bankin BEAC da ke Yawunde, wadda ke aiki a Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. A kan takarda darajarsu ɗaya ce, amma wannan ba ta shiga kasuwar waccan. Ka je Babbar Kasuwar Maraɗi da takardar Kamaru, mai shago zai juya ta ya mayar maka. Ɗan canji zai karɓa, amma sai ya yi mata yanka mai zafi, domin shi ma sai ya nemi mai tafiya Garwa ko Njamena kafin ya rabu da ita.

Bambance su ba wuya. Ba sai ka iya Faransanci ba. Dubi sunan bankin da ke saman takardar: in ya ƙare da kalmar Ouest, ta yamma ce, kuma za ka ga tambarin wani kifi mai dogon baki kamar zarto. In ya ƙare da Centrale, ta tsakiya ce. Takardun yamma biyar ne kacal: 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000. A jikin lambar kowace takarda akwai harafin ƙasar da aka fitar da ita, H na Nijar, B na Benin, K na Senegal, amma wannan bai hana ta aiki a dukkan ƙasashe takwas ba. Duk wanda ya ce zai rage maka farashi don takardarka "ba ta Nijar ba ce", alhali ta yamma ce, wasa yake da hankalinka.

Akwai kuma tsofaffin takardun da aka riga aka kashe. A 2004 BCEAO ya janye samfurin 1992 gaba ɗaya, bayan fashin da aka yi a rassansa na Kwaddibuwa lokacin yaƙin ƙasar. Waɗannan takardu ba su da sauran daraja, amma ba su ƙare a duniya ba, kuma tsakiyar bandir wuri ne mai kyau na ɓoye su. Mu 'yan Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani a kan canjin kuɗi ba. Dattawa suna tuna watan Afrilun 1984, da gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin naira ta rufe iyakoki, 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka wayi gari da nairar da ba su da hanyar shigo da ita banki. Matasa kuma sun ga wuyar da sauya fasalin naira ya jawo a farkon 2023 da idonsu. Abin lura a nan shi ne, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2023 cewa tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 za su ci gaba da aiki tare da sababbi. Don haka babu dalilin da ɗan canji zai saye tsohuwar nairarka da rahusa.

Yanzu ga batun farashi, inda nan ne mafi yawan kuɗin ke zurarewa. Mutum zai tsaya gaban ɗan canji ya ce, "Alhaji, nawa take yau?" Abin da aka faɗa masa shi ke nan, ba shi da ma'aunin da zai gwada. Alhali ma'aunin yana nan a fili. An ɗaure sefa da kuɗin Turai, yuro, a kan farashin da ba ya motsi: yuro ɗaya sefa 655.957. Ma'ana, jika ɗaya, wato sefa 1,000, yuro ɗaya da rabi ce da ɗan ɗoriya. Ka tambayi farashin yuro a ranar, ko ka duba a wayarka, ka ƙara rabinsa a kai, ka sami kusan kuɗin jika. Misali, in yuro tana Naira 1,700, jika za ta kama wajen Naira 2,590. Kasuwa tana iya ɗan hawa ko sauka a kan haka, gwargwadon masu nema da masu kawowa a ranar, kuma ɗan canji dole ya ci riba, sana'arsa ke nan. Amma in tazarar ta yi faɗi, ka yi sallama ka ƙara gaba.

Wannan lissafi ya ƙara zama dole tun watan Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara. Wajen 2014 jika ɗaya ba ta kai Naira 400 ba. A 2024 ta haura 2,000. Ba sefa ce ta yi fiffike ba, naira ce ta zube. Wanda ya je Maraɗi bara ya riƙe farashin bara a kansa, ko dai ya yi rigimar banza, ko a cuce shi yana godiya.

Ka tuna kuma farashi biyu ne a bakin kowane ɗan canji, na saye da na sayarwa. Duk lokacin da kuɗinka suka sauya riga, wani abu ya ragu. Wanda ya canza Naira 500,000 gaba ɗaya don tafiyar kwana biyu, ya dawo da rabi ya sake mayarwa naira, ya biya riba sau biyu a kan kuɗin da bai taɓa ba. Ka canza abin da za ka kashe. In kuwa kana yawan zirga-zirga, ragowar sefa ka ajiye ta zuwa wata tafiyar. Ka nemi a haɗa maka da ƙananan takardu, domin mai shayi da ɗan kabu-kabu ba su da canjin jika goma, sannan ka kashe tsabar ƙarfe kafin ka tsallako, don a wannan gefen da wuya ka sami mai karɓarta.

Sai ƙidaya. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In mai tuwo ta ce maka "ɗari", dala ɗari take nufi, wato sefa 500. "Ɗari biyu" jika ɗaya ke nan. Baƙo da yawa sun yi ciniki da murna suna ganin araha, sai wajen biya ido ya raina fata. Tun ba a ɗaure kaya ba, ka ce a rubuta maka adadin a waya ko a takarda.

Ba zan ce kowa ya tafi banki ba, domin mun san ba haka rayuwar bakin iyaka take ba. Yawancin canjin nan a kan benci da tabarma ake yinsa, kuma akwai mutanen kirki da suka shekara da shekaru a kai, amanarsu ce jarinsu. Irin su za ka nema: mai mazauni sananne, wanda in ka dawo gobe za ka same shi. Wanda ya tare ka a bakin mota yana raɗa maka farashin da ya fi na kowa daɗi, shi ne abin gudu. Ka ƙirga kuɗin da hannunka a gabansa, takarda bayan takarda, ka ɗaga manyan ka duba su a haske. In ya karɓa ya ce bari ya sake ƙirgawa, kai ma ka sake bayan ya miƙo, domin a nan ake zare na zarewa. In ta waya za a turo maka naira, kada ka saki sefarka kawai saboda saƙo ya shigo; buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. In kuɗin masu kauri ne, ka je wurin mai lasisi ka karɓi rasit, ka kuma tabbatar lasisin yana da rai, domin a ranar 1 ga Maris 2024 kaɗai Babban Banki ya soke na kamfanonin canji 4,173.

Doka ma tana da nata. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai shiga ko fita Najeriya da kuɗin da suka haura dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinsu a kowane irin kuɗi, ya bayyana wa jami'an kwastan. Sefa tana ciki. Wanda ya ɓoye aka kama shi, yana iya rasa kuɗin, ko ya sha ɗaurin da bai gaza shekara biyu ba, ko duka biyun. Dillalan dabbobi da na hatsi su ne wannan ya fi shafa, kuma ba ruwan dokar da cewa kuɗin halalinka ne.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025, jita-jita ba ta ƙarewa cewa gobe ko jibi za a kashe sefa. Ficewa daga ECOWAS daban, barin ƙungiyar masu amfani da sefa daban, kuma ƙasashen uku sun fita daga ta farko suna riƙe da kuɗinsu. Ranar da za a sauya kuɗin ƙasa, gwamnati ce za ta sanar, tare da wa'adi. Kada saƙon WhatsApp ya sa ka karyar da abin da ke hannunka ga wanda wataƙila shi ya ƙirƙiri labarin.

Jama'a, musamman iyayenmu mata masu zuwa biki da tsofaffin da karatun boko bai same su ba, a daure a riƙa haɗa su da wanda zai duba musu takarda ya yi musu lissafi kafin su bar gida. Kai kuma mai tafiya gobe, ka tambayi farashin yuro tun yau da dare.