Yanar Ido Tana da Magani

A ƙauyukan Bodinga da Shagari akwai dattawa da suka daina zuwa gona domin ba su gani. Sau da yawa yana ce ta rufe idon. Gidan da wannan ya sama ya rasa ma'aikata biyu, wato tsohon da kuma yaron da ke yi masa jagora.

A bayan baƙin ido akwai wata ƙwaya garau kamar gilashi, wadda haske ke ratsawa. Da tsufa ya zo sai ta dushe, ta yi fari. Ita ce yana. Tozali da maganin ɗigawa ba su cire ta.

Dā likita yakan yi yanka mai tsawo, ya ɗinke. Yanzu yankan milimita 6 ko 7 ne kawai a farin ido, kuma yakan haɗe da kansa, galibi ba ɗinki. Ana kashe zafin idon da allura, mutum yana farke. Likita ya fitar da ƙwayar da ta lalace, ya sa ta roba a gurbinta. Aikin kamar minti 15 ne, kashegari a kwance bandeji.

Ku yi hankali da masu yawo ƙauye ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka sun zauna a makance.

Ana yin aikin ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda aka kafa a 1943. A fara zuwa gwaji tukuna, gama ba kowace makanta ce yana ba.

Ga aikin ƙungiya. Bayan kaka, ku rubuta sunayen tsofaffinku da ba su gani sosai. Ku haɗa kuɗin mota, ku zaɓi mai rakiya. Wanda aka yi wa aiki ya huta da sussuka da shiƙa har 'yan makonni saboda ƙura. Kada ya murza idon, ya ɗiga maganinsa, ya koma asibiti ranar da aka ce masa. Kafin damina sai ku gan shi a gona.