Tikiti na fita da alamomi marasa ma'ana? Yadda ake saita na'urar bugu ta karɓi umarni kai tsaye

Wanda ya taɓa tsayawa layi a farmasi ko wata babbar butik a Maraɗi ko Yamai ya san wannan yanayi: mai karɓar kuɗi ya danna, ƙaramar na'urar buga tikiti ta yi ta aman takarda cike da alamomin da ba mai iya karantawa, ko ta buga rabi ta ƙi yankewa. Jama'a na jira, mai shago na tunanin sayen sabuwa. Sau da yawa kuwa lafiyar na'urar ƙalau, saitin da aka yi mata a kwamfuta ne bai dace da aikin ba.

Idan ka buga wasiƙa daga Word, akwai wata manhaja da ke tsakani, wadda masu gyara ke kira pilote. Ita ke fassara shafin zuwa abin da na'urar ke ganewa. Amma manhajojin ciniki da yawa ba su buƙatar tafinta, da harshen na'urar suke magana kai tsaye. Na'urorin tikiti galibi suna jin ESC/POS, wanda kamfanin Epson ya ƙirƙiro. Masu buga lambar kaya irin na Zebra suna jin ZPL. Tsofaffin nan masu allura da ƙara, irin Epson LX-350 da ke buga kwafi biyu ko uku a tashi ɗaya, suna jin ESC/P. A cikin waɗannan harsuna akwai umarnin yanke takarda, da na buɗe akwatin kuɗi, da na buga lambar QR. Idan pilote ta sa hannu ta sake fassara su, sai su lalace. Barin saƙon ya wuce yadda yake, shi ne ɗanyen bugu, wanda za ka gani a allo da sunan «Raw».

A Windows, a shiga wurin ƙara na'urar bugu, a zaɓi saitin hannu, wato «Ajouter une imprimante locale ou réseau avec des paramètres manuels». Idan da wayar USB aka haɗa ta, a zaɓi ƙofarta, yawanci USB001. Da aka zo jerin kamfanoni sai a ɗauki «Generic», sannan «Generic / Text Only». Wannan pilote ba ta san zane ko ado ba, shi ya sa ta dace. A ba na'urar gajeren suna marar tazara, misali TIKITI, domin shi za a rubuta a cikin manhajar ciniki, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana aiki.

Idan kuwa na'urar na kan rezo ne, sai an san lambarta ta IP. Yawancin na'urorin tikiti suna faɗin ta da kansu: a kashe, a danne maɓallin fitar da takarda, a kunna ba tare da an saki ba, sai ta bugo saitinta. Daga nan a ƙirƙiri «Port TCP/IP standard», a sa lambar, a tabbatar an zaɓi Raw da ƙofa ta 9100. Nan ne nake ganin masu gyara na gaggawa. Suna barin akwatin intanet ya ba na'urar lambar da ya ga dama, ranar da kuran ya ɗauke ya dawo sai lambar ta canza, komai ya tsaya. A kafe mata lamba guda tun ranar farko. Kuma ƙofar 9100 ba ta tambayar kalmar sirri, saboda haka kada a ɗora na'urar a kan wifin da ake ba abokan ciniki.

Masu Linux kuwa, umarnin lp -d TIKITI -o raw tare da sunan fayil yana tura shi ba tare da an taɓa ba, ko da yake masu kula da tsarin CUPS sun daɗe da sanar da cewa za su bar irin wannan layin bugu.

Ɗanyen bugu ba na kowace na'ura ba ne. Yawancin masu arha na tawada ko leza da ke ofisoshinmu sun dogara ne kacokan da pilote ɗinsu, in aka tura musu ɗanyen saƙo sai su yi shiru. Haka kuma in manhajarka PDF take fitarwa, kada ka tura shi ɗanye ga na'urar tikiti, za ta cinye nadin takarda tana buga shirme. Ga mai ba da fakti mai lambar QR, wannan ne abin da ya kamata ya fara tambayar wanda ya sayar masa da manhajar: da ESC/POS take aikawa, ko hoto take yi? In hoto ne, pilote ta kamfanin na'urar ake so, domin «Text Only» za ta zubar da lambar.

Sai batun haruffa. Idan é da è na Faransanci suna fitowa a karkace, jadawalin haruffan da ke cikin na'urar ne bai yi daidai da na manhaja ba, a daidaita su duka biyu a kan PC858 ko WPC1252. Faɗin takarda ma haka: mai milimita 58 tana ɗaukar haruffa 32 a layi, mai 80 kuwa 42 ko 48. Amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ na Hausa babu su a waɗannan jadawalai. Mai son sunan shagonsa ya fito da lanƙwasarsa sai ya mayar da shi tambari, a ajiye shi a matsayin hoto cikin ƙwaƙwalwar na'urar ta hanyar manhajar saiti da kamfanin ke bayarwa.