Tukunya Cikin Tukunya: Yadda Ake Raya Basirar Ƙirƙira

Idan aka ce maku wane yana da basirar ƙirƙira, wataƙila mawaƙi ne zai fara faɗo maku a rai, ko mai zane, ko kuma masanin kimiyya a ɗakin gwaje-gwajensa. Gaskiya ne waɗannan duka suna da ita. Amma manomi ma yana bukatarta, haka tela da makaniki da mai sayar da abinci a bakin tasha. Basirar ƙirƙira ita ce iya duban abin da kowa ya saba gani, a hango wani amfani a cikinsa wanda ba a lura da shi ba. Kuma aba ce da ake koyo, kamar yadda kuke koyon harshen Hausa a yanzu. Domin ku ga yadda take aiki, bari mu bi labarin wani malami daga Jihar Jigawa.

Sunansa Mohammed Bah Abba. Ya taso a gidan maginan tukwane, daga baya ya zama malami a kwalejin fasaha da ke Dutse. A ƙauyukan da ya sani babu wutar lantarki, balle firji, ga kuma tsananin zafi. Manomi zai ciro tumatir ko yalo ko alayyafo, kafin kwana biyu ko uku sun fara lalacewa. Saboda haka dole ya sayar da su nan take, ko da kuwa an taya su da araha. Sau da yawa 'yan mata ake ɗora wa tallar kayan, su yini suna yawo da su a lokacin da ya kamata a ce suna aji.

Kowa a ƙasar Hausa ya san cewa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Ku ma kun san haka, domin randar ƙasa tana nan a gidajen Yarbawa da na Ibo da sauran ƙabilu. An daɗe ana shan wannan ruwa ana jin daɗinsa, amma ba kowa ne ya tsaya ya tambayi dalilin sanyin ba. Dalilin kuwa shi ne, jikin randa yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa waje, iska ta busar da shi. Ruwa ba ya bushewa sai ya kwashi zafi daga abin da yake jikinsa, shi ya sa kuke jin sanyi idan iska ta kaɗa ku bayan kun yi gumi. Wato ita ma randa gumi take yi.

Daga nan sai tambaya ta biyu ta biyo baya: idan wannan hanya tana sanyaya ruwa, me zai hana ta sanyaya tumatir? A cikin shekarun 1990 Malam Abba ya duƙufa a kan gwaji har ya daidaita abin. Ana samun tukwane biyu na yumɓu, babba da ƙarama. A saka ƙaramar a cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sosai. Sai a zuba kayan lambu a cikin ƙaramar, a rufe bakinta da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ana ƙara wa yashin ruwa kamar sau biyu a rana. A gwajin da aka yi, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono sun kai mako 3, alayyafon da ke yaushi a yini ɗaya ya yi kwana 12.

Ku lura da kyau, babu sabon abu ko ɗaya a cikin kayan da ya yi amfani da su. Tukunya tsohuwar aba ce, yashi yana nan a bakin kowane rafi, sanyaya abu ta hanyar bushewar ruwa kuma mutanen da can sun san shi. Abin da ya yi shi ne haɗa sanin da ya gada a gida da ilimin da ya samu a makaranta, ya fuskantar da su ga wata matsala da ke damun mutanensa. Yawancin ƙirƙira haka take. Matan Ibo sun ƙara wa tulun ruwa ƙofa ɗaya a gefe, sai ya zama udu, abin kiɗan da a yau ake bugawa har a ƙasashen waje.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne masu dabara da yawa suke karaya. Bayan abin ya yi aiki, sai ya zamana mutane ba su san da shi ba, kuma da yawansu ba su iya karanta takardar bayani. Malam Abba ya sa aka gina tukwane 5,000 da kuɗin aljihunsa ya rarraba. Sa'an nan ya shirya wasan kwaikwayo a kan amfanin tukunyar, aka ɗauka a bidiyo, ana nuna wa mutanen ƙauye da dare. A ganina wannan dabara ta biyu ba ta gaza ta farko ba, domin abin da bai isa hannun masu bukatarsa ba bai magance komai ba. A shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar.

To, ta yaya za ku raya irin wannan tunani a kanku? Ku fara da abin da ke ba ku haushi kullum: layin ɗibar ruwa a makaranta, kwatar da ke toshewa duk damina, kayan miyan da ke ruɓewa a shagon mahaifiyarku. Yawancin mutane tsaki suke yi su wuce. A shekarar 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga daji ya tarar da wasu 'ya'yan ciyawa masu kama da ƙarangiya sun manne wa tufafinsa da gashin karensa. Maimakon ya cire ya yar, sai ya duba su da madubin da ke ƙara girman abu, ya ga ashe ƙananan ƙugiyoyi ne a jikinsu. Daga nan aka samo maɗaurin nan na Velcro da ke jikin takalmanku da jakunkunanku, ko da yake sai a 1955 ya sami rajistar mallakarsa. Shekara 14 ke nan tsakanin gani da cin moriya.

Ku riƙa yin tambaya, ko da abokai za su yi maku dariya. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Ku ajiye ɗan littafi a aljihu kuna rubuta abin da ya ba ku mamaki, domin tunani yana da saurin gudu. Idan kun sami amsa ɗaya, kada ku tsaya a kanta sai kun nemo ta biyu da ta uku. Ku kuma zauna kusa da masu sana'ar da ba taku ba. Ɗalibin kimiyya zai ƙaru da kallon masaƙi, mai son kasuwanci zai ƙaru da sauraron manomi.

Sai dai ku yi hattara da kwaikwayo ido rufe. Wannan tukunya ta dace da Jigawa ne saboda iskar can busasshiya ce, tana shanye ruwa da sauri. Idan kuna zaune a Legas ko Fatakwal ko Kalaba, inda iska take cike da laima, ruwan yashin ba zai bushe da sauri ba, saboda haka sanyin da za ku samu kaɗan ne. Wanda ya haddace siffar tukunyar kawai zai ce ƙarya aka yi masa. Wanda ya fahimci dalilinta kuwa zai san inda matsalar take, ya fara neman wata hanya da ta dace da garinsu.

Kuna iya gwada wannan da kanku. Ku sami tukwanen ƙasa biyu da yashi da tumatir guda shida masu nuna iri ɗaya. Ku saka uku a ciki, ku bar uku a waje cikin inuwa, kuna rubuta abin da kuka gani kowace safiya. Ku yi gwajin sau ɗaya da damina, ku sake yi lokacin hunturu, sa'an nan ku kawo sakamakon aji ku bayyana da Hausa dalilin bambancin da kuka samu.