Abin da ɓeran ɗakin bincike ke faɗa game da sabarar Magarya

Duk wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Dungas a jihar Damagaram ya san sabara. Ta cika gonaki da bakin hanya, masu jego na shan ruwan ganyenta, ana kuma dafa shi don ciwon ciki da zazzaɓi. Amma ba kowa ya san an taɓa gwada ta a kan ɓeraye ba, don a ga yadda take taɓa ƙwaƙwalwa.

A shekarar 2001, masana a cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja sun ba ɓeraye ruwan sabara. Ɓerayen sun rage zirga-zirga, kuma da aka haɗa musu da maganin barci, barcinsu ya ƙara tsawo.

To, wannan na nufin sabara na maganin fargaba? Ba lallai ba ne, domin kasala daban, kwanciyar hankali daban.

Tunda ɓera ba ya magana, masana kan auna tsoronsa da wani katako mai siffar gicciye, wanda ake ɗagawa kusan rabin mita daga ƙasa. Hannuwansa biyu na da bango, biyu kuma a buɗe suke. Ana ajiye ɓeran a tsakiya, a zuba masa ido na minti 5. Ɓera na son leƙe-leƙe, amma yana tsoron fili da tsayi, don haka wanda ke cikin fargaba kan maƙale a ɓangaren bango. Idan aka ba shi diazepam kaɗan, sai ya ƙara fitowa fili. Wanda magani ya kashe wa jiki kuwa, zirga-zirgarsa gaba ɗaya ce ke raguwa.

An fara wannan gwaji da manyan ɓeraye a 1984, aka daidaita shi ga ƙanana a 1987. Masu binciken magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na amfani da shi wajen gwada tsirran gargajiya.

Batun ya shafi matasa kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A garuruwan kan iyaka, da ma can ƙasar ci-rani, wasu kan sayi tramol ko diazepam a hannun 'yan talla, wasu su koma ga jiƙe-jiƙe. Idan abin ya sa su barci, sai su ɗauka sun warke, alhali diazepam na kama jiki idan aka daɗe ana sha.

Ko tsiro ya ci gwajin ɓera, da sauran aiki: sai an auna gubarsa, an gano adadin da ya dace, sannan a gwada shi a kan mutane. Kafin nan, wanda fargaba ta hana shi barci ko aiki, asibiti ne wurin da ya kamata ya fara zuwa.