Hausa da Turanci a Azuzuwan Farko na Daura

Yaro a Daura ko Sandamu yakan shiga aji ɗaya da Hausa a bakinsa, littafin lissafin da ke gabansa kuwa da Turanci yake. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara karantar da yara da harshen gida, sannan Turanci ya biyo baya. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi tallafin, kuma gine-gine ke lashe mafi yawansa. Littattafan Hausa sun yi ƙaranci, shi ya sa malami ke rubuta Turanci a allo, ya juyo ya fassara da baki.