Ɗaukar Hoto Da Dare Ba Tare Da Filasha Ba: Abin Da Ya Kamata Masu Hoto Na Lafiya Su Sani

Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, sa'ad da aka cire Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato aka kuma mai da Lafiya babban birninta, harkoki suka yi ta ƙaruwa a wannan gari na Barebari wanda Muhammadu Dunama ya kafa. Ma'aikata sun taru, an buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, bukukuwa da tarurruka sun yawaita. Da yawa daga cikin waɗannan harkoki kuwa bayan magariba ake yin su: kamun amarya, walima, tafsirin watan azumi, tashen yara, da cinikin masu shayi da masu tsire a bakin hanyar Jos da ta Makurɗi. A nan ne mai ƙaramar kyamara ta zamani, irin wadda ake sakawa a aljihu, yakan gamu da cikas. In ya kunna filasha, watau fitilar nan mai walƙiya, fuskoki su yi fari fat, baya ya yi baƙi ƙirin. In ya kashe ta, hoto ya fito dishi-dishi. Ga wanda hoto ne abincinsa, wannan asara ce, domin ba a maimaita biki, kuma uwar amarya ba ta biyan kuɗin hoton da ba ta gane 'yarta a ciki ba.

Dalilin gazawar filasha a fili yake. Hasken ta ƙaramar kyamara ba ya wuce mita 3 ko 4, kuma yana raguwa da sauri ƙwarai. Mutumin da ke nisan mita 4 kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samu na hasken da ya sauka a kan wanda ke mita 2. Na mita 8 kuwa kashi ɗaya cikin 16. Saboda haka wanda ya tsaya daga nesa a ƙofar fada yana walƙa filasha, batirinsa kurum yake ƙonawa. Har ila yau, a lokacin hunturu hasken yakan bugi ƙurar da ke cikin iska, sai hoto ya cika da fararen ɗigo. Ban da wannan, walƙiya tana dame masu ibada, tana kuma iya razana doki.

Ɗaukar hoto da hasken da aka tarar a wuri tsohuwar dabara ce. Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam, masanin nan da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ta 'yar kafa cikin ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje a jikin bango. Kowace kyamara a kan wannan ƙa'ida take aiki. A ƙarshen shekarun 1920 wani Bajamushe mai suna Erich Salomon ya yi suna da ɗaukar hotunan manyan 'yan siyasar Turai a cikin zaurukan taro ba tare da walƙiya ba, da wata kyamara mai faffaɗan ido da ake kira Ermanox.

Abubuwa uku ne ke hukunta hoto: faɗin kafar da haske ke shiga, da tsawon lokacin da ƙyauren kyamara yake a buɗe, da kuma ƙarfin jin haske, wanda ake rubutawa ISO. Faɗin kafa da harafin f ake nuna shi, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar kafa. Kafar f/2.8 tana shigar da ninki huɗu na hasken da f/5.6 ke shigarwa. Abin da yawancin masu hoto ba su lura da shi ba shi ne, a irin waɗannan ƙananan kyamarori, da zarar an jawo hoto daga nesa sai kafar ta tsuke da kanta. Hoton da za a ɗauka cikin 1/30 na daƙiƙa sai ya bukaci 1/8, alhali kuwa jawowar tana ƙara bayyana rawar hannu. Don haka da dare ƙafa ita ce maganin nisa: mai hoto ya matsa kusa da abin da yake so.

Game da ISO kuwa, ɗaga shi daga 100 zuwa 800 yana rage lokacin da ake bukata har ninki takwas, watau abin da zai ci 1/4 na daƙiƙa ya koma kimanin 1/30. Amma akwai iyaka. Faifan da ke karɓar haske a cikin yawancin ƙananan kyamarori bai wuce milimita 6 da 4 da rabi ba, in aka gwada da fim ɗin da, mai milimita 36 da 24. Saboda ƙanƙantarsa, in ISO ya haura 800 hoto yakan yi tsaki-tsaki. Duk da haka, hoto mai ɗan tsaki wanda fuska ta fito sarai ya fi mai santsi wanda ya jirkice. Kyamarori masu babban faifai, irin su Sony RX100 da ta fito a 2012 da kafar f/1.8, sun fi jure duhu, sai dai sun fi tsada.

Dishi-dishi iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Na farko daga hannun mai hoto yake. Maganinsa a riƙe kyamara da hannu biyu, a manne gwiwar hannu a jiki, a jingina da bango ko ginshiƙi. Wanda ba shi da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ya ɗinka 'yar jaka ya cika ta da shinkafa ko riɗi, waɗanda ƙasar Lafiya ba ta rasa su, ya ɗora kyamarar a kai bisa katanga ko benci. Sa'an nan ya sa agogon kyamara na daƙiƙa 2, don kada latsa maɓalli ya girgiza ta. Da haka ana iya ɗaukar masallaci ko ƙofar fada ko da ƙyaure zai yi daƙiƙa guda a buɗe.

Na biyu daga motsin wanda ake ɗauka yake, kuma babu abin ɗorawa da ke maganinsa. Mutum a zaune yana bukatar kimanin 1/60, mai tafiya 1/125, doki a sukuwane kuwa 1/500, abin da ƙaramar kyamara ba ta iya samu da dare. Dabara ita ce a jira lokacin da motsi ya tsaya: sa'ad da aka ɗaga hannu ana addu'a, ko maroƙi ya ja numfashi. A kuma ɗauki uku ko huɗu a jere, galibi ɗaya zai fito da kyau.

Wajibi ne kuma a lura da inda haske yake. A juyar da fuskar mutum wajen ƙwan lantarki ko fitilar mai shayi, kada fitilar ta kasance a bayansa. In kyamara ta kasa saita fuska don duhu, a haska da tocilan wayar hannu, a latsa maɓalli rabi har ta kama. Lokaci mafi kyau ga hoton gini shi ne bayan faɗuwar rana, sa'ad da sama ke da sauran shuɗi, amma a Lafiya wannan ba ya wuce minti 20 zuwa 25, sai a shirya tun kafin kiran salla.

Akwai kuma batun ladabi. Filasha tana sanar da mutum cewa an ɗauke shi. In babu ita, ba ya sani. Saboda haka ya wajaba mai hoto ya nemi izini, musamman a cikin gida wajen mata, da masallaci, da gaban sarki.

Marigayi Sarkin Lafiya Alhaji Isa Mustafa Agwai na Ɗaya ya yi sarauta daga 1974 zuwa 2019, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad ya gaje shi a wannan shekara. A tsakanin nan garin ya sāke kama ƙwarai, kuma hotunan da aka adana suna cikin abin da 'yan baya za su dogara da shi su san yadda yake a da. Matasan da ke yawo da kyamara a Bukan Sidi da Tudun Gwandara su ne masu ajiye wa gobe irin wannan shaida, saboda haka ya kamata su gwada waɗannan dabaru a gida tun kafin ranar biki ta zo.