Kugin Lasifika da Jitar Lantarki: Asalinsa da Maganinsa

Duk wanda ya taɓa halartar biki ko taron makaranta a Wurno ta ƙasar Birnin Kudu, ko a Gwaram, ya san wannan sauti. Da zarar an tayar da janareta an kunna amfilifaya, tun kafin kowa ya yi magana, sai lasifika ta fara wani kugi mai kauri, wani lokaci kuma da ziza kamar ta ƙudan zuma. Abin ya fi tsanani idan aka jona jitar lantarki, irin wadda makaɗan Agadas kamar Bombino suka yi suna da ita. Akan ɗauka cewa na'urar ce ta lalace, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau. Wutar lantarki ce da kanta take kutsawa cikin hanyar da aka tanada domin kiɗa.

Sauti dai girgiza ce. Duwatsun kiɗa na Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa masana a 1956, suna amo ne saboda dutsen yana girgiza idan an buge shi, ya girgiza iska, iskar ta girgiza dodon kunne. Kunnen matashi yana jin girgizar da ta kama daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. To, wutar da ake rarrabawa a Nijeriya da Nijar, mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka, tana kai da komowa ne sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan adadi yana cikin abin da kunne ke ji, kuma shi ne kugin. A Amurka, inda wutar ke juyawa sau 60, muryar kugin ta ɗan fi sirantaka. Ɗalibi mai lura zai ji kugin yana hawa da sauka idan gudun janareta ya canza.

Yaya wutar ke shiga? A 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya canza a kusa da waya, lantarki zai gudana a cikinta. A kan wannan ƙa'ida aka gina maɗaukin sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jita: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza, ɗan lantarki ya samu, amfilifaya ta ninka shi. Matsalar ita ce maɗaukin ba ya bambanta tsirkiya da taransifoma. Janareta, fanka, da taransifomar da ke cikin amfilifayar kanta, duk suna watsa maganaɗisu mai juyawa sau 50, shi kuwa sai ya kwashe duka.

Ziza kuwa ta fi fitowa daga dogon ƙwan fitila, cajar waya mai araha, da inbatar sola, domin suna datsa wuta da sauri, su haifar da girgiza mai tsini. Hanya ta uku ita ce jona na'urori biyu a soket daban-daban alhali waya ɗaya ta haɗa su. Ɗan bambancin ƙarfin wuta tsakanin wayoyin ƙasarsu sai ya sa lantarki ya yi ta zagayawa ta cikin wayar sauti. Kada a haɗa waɗannan da ƙarar nan mai huda kunne da ke tashi idan makirufo ya fuskanci lasifika. Ita maganinta raba su da rage murya.

Tun da tushen ya bambanta, sai a fara da bincike kamar yadda ake yi a ɗakin gwaji, watau a canza abu ɗaya a kowane lokaci. A cire wayar jita daga amfilifaya. Idan kugin ya ci gaba, matsalar tana ga amfilifayar ko wutar da ke shiga cikinta. Idan ya ɗauke, a mayar da wayar ba tare da jitar ba, sannan a gwada wata waya. Bayan haka makaɗi ya riƙe jitar ya juya a hankali. Zai sami kusurwar da kugin ya ragu ƙwarai, wanda ke nuna maganaɗisu ne daga waje. Daga nan a kashe fitilu da cajoji ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin.

Magungunan ba su da tsada. A nisanta janareta da makaɗa, a jona dukkan kayan sauti a wuri ɗaya. A yi amfani da gajeriyar waya mai rufin saƙar ƙarfe, kada ta wuce mita 6, kuma kada a shimfiɗa ta a jere da wayar wuta. In dole ne su haɗu, to su gitta juna. Mai gyara yana iya lulluɓe ramin kayan wutar jita da fallen jan ƙarfe ya haɗa shi da wayar ƙasa, wanda ke rage ziza. Shi kuwa kugin maganaɗisu, injiniya Seth Lover na kamfanin Gibson ya yi masa dabara a 1955: naɗin waya biyu masu saɓa wa juna, da maganaɗisunsu a juye, ta yadda kugin ɗaya zai kashe na ɗayan, muryar tsirkiya kuwa ta ƙaru.

Akwai wani al'amari da ya shafi jikin ɗan Adam. Fiye da rabin jiki ruwa ne mai gishiri, don haka lantarki yana bi ta cikinsa. Jikin makaɗi yana tara ziza daga ɗaki ya kai ta kusa da maɗauki, amma da ya taɓa tsirkiya sai ta ragu, domin an haɗa tsirkiyoyin da wayar ƙasa. Wannan haɗin kuma shi ne haɗarin. Wasu sukan karya ƙafa ta uku ta filogi saboda sun ga kugi ya ragu. Idan daga baya waya ta tsinke a cikin amfilifaya ta taɓa gangar jikinta, wutar ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta jikin wanda ke riƙe da jita ko makirufo. Lantarkin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba ya isa ya rikita bugun zuciya idan ya ratsa ƙirji. Haka makaɗin jita Leslie Harvey ya rasa ransa a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a 1972, bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa yadda ya kamata ba. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Don haka a makaranta, masallaci ko wurin biki, ya kamata ƙwararren mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙarfe ta ƙasa, ya kuma sanya na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara yoyo. A yanki mai duwatsu irin na Birnin Kudu, musamman da rani, busasshiyar ƙasa ba ta karɓar lantarki sosai, saboda haka a zurfafa sandar a wuri mai danshi, a riƙa duba ta. Idan makirufo ya ɗan ja leɓen mai magana, gargaɗi ne: a kashe wuta kafin a ci gaba da taro.